Wane Gobi Ya Dace da Tankinka? Fara Duba Gidan da Ya Baro

Duk wanda ya kafa ƙaramin tankin ruwan gishiri, irin mai cin lita 40 zuwa 100, ba ya daɗewa yake gane cewa yawancin kifaye masu ɗaukar ido da ke zama a cikin murjani, wato halittar nan ta teku da ke girma kamar dutse mai rassa, sun fi ƙarfin wurin. Masu dogon iyo ne, fili suke so. Daga nan sai masu sayarwa su nuna masa wani ƙaramin kifi da ake kira gobi. Dangin gobi na cikin mafi girman dangogin kifi a duniya, nau'insu ya kai wajen 2,000, kuma akasarinsu ba su wuce santimita 10 ba. Ba 'yan yawo ba ne. Da yawansu ba su da jakar iskar nan da ke riƙe kifi a tsakiyar ruwa, don haka zama suke yi a kan dutse ko yashi, fikafikan cikinsu biyu kuma sun haɗe wuri guda suna manne wa abin da suka hau. Kifin da bai damu da nisan tafiya ba, ƙaramin wuri ya ishe shi.

Sai dai sunan ɗaya ne, rayuwar ba ɗaya ba. Wani a rami yake kwana tare da jatan lande, wani bai taɓa barin rassan murjani guda ba tun da ya sauka a kansa, wani sana'arsa cire wa manyan kifaye ƙwari, wani kuma yashi yake tacewa daga safe har yamma. Mai zaɓen gobi da launi kawai caca yake yi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: a wane irin gida wannan kifin yake zaune a teku, kuma zan iya gina masa irinsa a cikin gilashi? Ruwan da suke so duka kusan ɗaya ne, zafi digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, gishiri wajen giram 35 a kowace lita, tankin kuma ya yi makonni yana aiki kafin a saka kifi, har ƙwayoyin da ke narkar da ƙazantar kifi su zauna a duwatsu. Bambancin yana wajen gida da abinci.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne gobi mai shuɗin layi, Elacatinus oceanops, wanda ake kira niyon. Ɗan santimita 5 ne, baƙi-baƙi, da layi shuɗi mai ƙyalli daga ido har wutsiya a kowane gefe. Asalinsa yammacin Tekun Atilantika, musamman gaɓar Fulorida da Mashigin Meziko. A can yakan zaɓi kan wani dunƙulen murjani ya zauna, sau da yawa miji da mata tare, manyan kifaye su riƙa zuwa suna tsayawa. Sai ya hau jikinsu yana tsince ƙananan ƙwari masu shan jini da matacciyar fata, har cikin baki da kafofin numfashi yake shiga. Kifin da zai iya haɗiye shi a loma ɗaya yakan buɗe baki ya bar shi ya gama ya fita. Layin shuɗin nan shi ne alamar da ake gane shi da ita.

Wannan sana'a ta sa shi rashin tsoro, kuma rashin tsoron shi ne babbar ribarsa a tanki: kullum yana waje ana ganinsa. Ba ya tona yashi, ba ya taɓa murjani, yana karɓar busasshen abinci da daskararre ba gardama. Yana kuma cikin kifayen teku na farko da aka iya hayayyafawa don kasuwa tun shekarun 1970, saboda haka wanda za ka samu galibi haifaffen tanki ne, bai san teku ba balle ya yi kewarta. Idan ka dace da miji da mata, ka ajiye musu ɗan guntun bututu ko ɓawon kodi, za su yi ƙwai a ciki, namijin ya tsare yana yi musu fifita har su ƙyanƙyashe bayan kamar mako guda. Raino ne mai wuya, domin 'ya'yan sai da abinci mai rai ɗan mitsitsi.

Aibinsa biyu. Ba ya tsawon rai, shekara ɗaya zuwa biyu ce aka saba gani. Na biyun kuma ba laifinsa ba ne, laifin masu tallarsa ne: ana cewa yana maganin ciwon farin ɗigo da ke addabar kifayen tanki. Ba ya yi. Ƙwayar da ke kawo ciwon, Cryptocaryon irritans, a ƙarƙashin fatar kifi take shigewa, inda bakin gobi ba ya kaiwa, shi kansa ma tana kama shi. Wanda ya saye shi a madadin keɓe sabon kifi na wasu makonni ya yaudari kansa.

Idan kuwa abin da kake so shi ne ka zauna gaban tanki ka manta da agogo, to gobi mai gadi ne naka, amma fa da abokin zamansa. Cryptocentrus cinctus ɗan rawaya ne mai ɗigo-ɗigon shuɗi a fuska, idanunsa a saman kai, bakinsa a murtuke kamar an ɓata masa rai. Yana kai santimita 10. Gidansa filayen yashi da tsakuwa da ke tsakanin duwatsun murjani a yammacin Tekun Fasifik, wurin da ba maɓoya ko ɗaya. Shi bai iya haƙa ba. Jatan lande na jinsin Alpheus kuwa gwanin haƙa ne amma ganinsa ba shi da ƙarfi. Sai suka zama makaho da ɗan jagora: jatan landen ya haƙa rami ya riƙa kwashe yashi yana turowa waje, gobin ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon abin da ke tahowa.

Yadda suke magana ya isa a tsaya a kai. Duk lokacin da jatan landen zai fito, sai ya ɗora ɗaya daga cikin dogayen gashin bakinsa a jikin gobin, ba ya ɗagewa har ya koma. Gobin na hango haɗari sai ya kaɗa wutsiya da sauri, jatan landen ya ji a gashin ya faɗa rami. Idan haɗarin ya matso, gobin ma ya bi shi da kai. Masana irin su Ilan Karplus, wanda ya yi nazarin wannan zama a Bahar Maliya tun shekarun 1970, sun lura cewa gobin ba ya kaɗa wutsiyar nan sai jatan landen na taɓa shi. Ke nan ba firgita ba ce kawai, saƙo ne ga wanda ke saurare. Da dare jatan landen yakan toshe bakin ramin, da safe a buɗe. Kuma kada ka tsorata in ka ji wani "ƙas" daga tanki da tsakar dare ka zaci gilashi ne ya tsage. Babban hannun jatan landen ne. Masu bincike a Jami'ar Twente ta Holan sun nuna a shekarar 2000 cewa ƙarar ba ta haɗuwar hannun ba ce. Rufe shi da sauri ne ke harba ruwa har kumfa ta samu, fashewar kumfar ce ake ji.

Gina musu gida sai da shiri. Yashi ya kai zurfin santimita 5 zuwa 8, kuma kada ya zama lallausa zalla. A gauraya da gutsattsarin murjani matacce da ɓawon kodi, domin da su jatan landen yake tokare rufin rami. Lallausan yashi rushewa yake yi. Duwatsun tanki a ɗora su a kan gilashin ƙasa tukuna sannan a zuba yashi, in ba haka ba ranar da aka haƙe ƙarƙashinsu za su rufto. Duk murjanin da ka ajiye a ƙasa ka sa rai wata safiya ka same shi a binne, ko an janye shi an yi ƙofa da shi. Murfi dole ne, domin gobi mai gadi yana tsalle idan ya firgita, musamman kwanakin farko kafin ya sami rami. Sannan akwai maganar magani: sinadarin tagulla da ake kashe ciwon farin ɗigo da shi yana kashe jatan lande, don haka ba a jinyar kifi a tankin da yake ciki. Wani abin da ke ba sababbi mamaki kuma, rawayar nan ba ta da alkawari. Wasu sukan rikiɗe su koma toka-toka da ratsin ruwan ƙasa, lafiyarsu lau.

A cikin masu gadin ma akwai zaɓi. Cryptocentrus cinctus jarumi ne, yana ci da kyau, yana shekaru, ana samun haifaffen tanki, yana zama lafiya ko ba jatan lande, ko da yake rabin abin kallon ya tafi. Abokin da aka fi haɗa shi da shi Alpheus bellulus ne, mai ratsin damisa, mai ƙarfin haƙa. A ɗaya gefen akwai Stonogobiops yasha, fari da jajayen layuka da doguwar ƙaya a gadon baya, wanda sai a 2001 masana a Jafan suka ba shi suna. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma rabin girman gobi mai gadi rawaya ne, don haka shi da ƙaramin abokinsa Alpheus randalli sun fi dacewa da tanki na lita 40. Amma daga ruwa mai zurfi yake, mai kunya ne, ba ya zama a kan yashi sai dai ya tsaya dab da bakin rami yana cafke abin da ruwa ya kawo. Kifi ɗaya mai rawar kai a tankin ya isa ya hana shi fitowa ya ci abinci. A ganina wanda bai taɓa riƙe gobi ba ya fara da rawayan. Yasha na wanda ya riga ya iya haƙuri ne.

Gobin murjani, jinsin Gobiodon, shi ne wanda ya fi jan masu ƙaramin tanki, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Ɗan rawayan Okinawa, Gobiodon okinawae, bai wuce santimita 3 da rabi ba, jikinsa a matse ta gefe yadda zai kurɗa tsakanin rassa. Ɗan'uwansa Gobiodon histrio kore ne da jajayen zane a fuska. Ba su da ɓawon jiki irin na sauran kifaye. Yauƙi ne mai ɗaci da guba ya lulluɓe su, shi ya sa maharan kifi ba su cika son su ba. Gidansu murjani mai rassa na jinsin Acropora, kuma mannewar da suka yi masa ta kai inda ko ruwa ya janye ya bar murjanin a waje, wasunsu sukan zauna a ciki suna shaƙar iska ta fata har ruwa ya dawo. Da yake fita neman abokin aure a irin wannan rayuwa kasada ce, sai aka ba su mafita: idan mata biyu suka haɗu a murjani ɗaya, ɗaya ta koma namiji, idan maza biyu ne ɗaya ya koma mace. Ga mai tanki wannan labari ne mai daɗi, domin ƙanana biyu na nau'i ɗaya sukan daidaita kansu.

Zaman nasu da murjani ba cin banza ba ne. A 2012 Danielle Dixson da Mark Hay sun wallafa abin da suka gani a Fiji: idan wata ciyawar teku mai guba, Chlorodesmis fastigiata, ta taɓa murjanin Acropora nasuta, murjanin yakan saki wani sinadari cikin ruwa, cikin 'yan mintuna gobin da ke zaune a cikinsa ya zo ya fara datse ciyawar. A kwana uku ɓarnar da ciyawar ke yi wa murjanin ta ragu da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Gobiodon histrio har cinye ciyawar yake yi, gubar jikinsa ta ƙaru. Amma dogaro da gida ɗaya yana da tsada. Philip Munday ya nuna a 2004 cewa da murjanin Acropora ya ragu a mashigin Kimbe na Fafuwa Niu Gini, gobin da suka fi tsananta zaɓen nau'in murjani su suka fi ɓacewa. Kowane zafin teku da ke sa murjani ya yi fari ya mutu, irin na 1998 da 2016 da 2024, gidajen waɗannan kifaye yake ci.

To ina matsalar a tanki? Girman murjani. A teku dunƙulen Acropora na iya kai faɗin hannu biyu, ɗan cizon da gobi ke yi wa yauƙinsa ba ya nuna. A tanki kuwa abin da mutane ke da shi 'yan gutsattsari ne da suke lallaɓawa su girma. Gobi ya zauna a kan guntu ɗaya kullum, murjanin ya ƙi buɗewa. In ma'aurata ne kuma suka tashi yin ƙwai, sai su kankare naman reshe su manna ƙwan a kan ƙashin. Babban murjani zai warke, ƙarami ba lalle ba. Don haka wannan kifi ya dace da mutum biyu: mai manyan murjani da suka riga suka kafu, da wanda ba ya ajiye Acropora sam, domin in babu shi gobin zai haƙura ya hau murjani mai laushi ko dutse ko ma gilashi. Wanda ke tsakiya, mai tara ƙananan gutsattsari masu daraja, ya bar shi. A duba cikinsa kafin a saya, domin yawancinsu a rame suke isowa, kuma wanda cikinsa ya lotsa ya ƙi cin daskararren abinci a gabanka da wuya ya farfaɗo.

Akwai kuma 'yan mitsil, jinsin Eviota da Trimma, santimita 2 zuwa 3. A nan sai an san abin da ake saya. Eviota sigillata ita ce mai mafi gajeren rai da aka sani a cikin duk dabbobi masu ƙashin baya. Martial Depczynski da David Bellwood na Jami'ar James Cook ta Ostareliya sun ƙirga zoben da ke fitowa kullum a ɗan ƙashin kunnenta, suka bayyana a 2005 cewa mafi tsufa ba ta wuce kwana 59 ba: wajen mako uku tana yawo a buɗaɗɗen teku tana jaririya, mako biyu ta balaga a kan murjani, sauran mako uku da ɗoriya ta hayayyafa ta mutu, galibi a bakin wani kifin. Wannan ba asara ba ce ga teku. Binciken Simon Brandl da abokan aikinsa na 2019 ya ƙiyasta cewa ƙananan kifayen da ke ɓuya a ƙasan murjani, gobi a gaba, su ne kusan kashi 60 cikin ɗari na naman kifin da ake ci a wurin. Ana cinye su, wasu na sauka, ba tsayawa.

A tanki, inda ba mai farautarsu, suna wuce haka, kuma ba duk nau'in Eviota ne ke da gajeren rai irin na sigillata ba. Duk da haka wanda ya sayi baligi ya lissafa watanni, kada ya lissafa shekaru, kada kuma ya zargi ruwansa idan ya wayi gari ɗaya ta tafi. Trimma ta fi daɗewa, ta kuma fi fitowa fili: a teku a bakin kogo da ƙarƙashin dutse take tsayawa, wani lokaci ciki a sama, tana tsintar abin da ruwa ke ɗauke da shi. Dukansu suna son tanki nasu su kaɗai, mai duwatsu masu ramuka da suka daɗe har ƙananan halittu suka cika su, abinci kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a yini, da raga a bakin famfo don kada ya zuƙe su. Ko gobi mai gadi ba na so a haɗa su da shi. Bakinsa ya isa ya haɗiye su.

Na ƙarshe ba zan daɗe a kansa ba, domin shawarata a kansa gajeriya ce. Gobi mai tace yashi, Valenciennea puellaris, fari mai ɗigon ruwan lemo, ana sayar da shi a matsayin mai share ƙasan tanki. Gaskiya yana sharewa: ya cika baki da yashi, ya tsince 'yan halittun ciki, ya zubar da sauran ta kafofin numfashi. Amma yana doshin santimita 20, kuma a teku shi da matarsa fili mai faɗi suke kiwo. Yashin ƙaramin tanki makonni kaɗan zai yi ya ƙare da abin ci, daga nan kifin ya riƙa tace yashin banza yana ramewa a hankali, yana kuma watsa wa murjani ƙasa. Ɗan'uwansa mai ɗigo biyu masu kama da ido a fiffike, Signigobius biocellatus, ya fi shi saurin mutuwa da yunwa. In tankinka bai kai ɗaruruwan lita ba, da shimfiɗar yashi da ta shekara, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Saura maganar haɗa su. Gobi ba ya faɗa da wanda ba ya neman gidansa. Niyon a kan dutse, mai gadi a yashi, gobin murjani a rassa: ukun nan suna zama lafiya a lita 80 zuwa 100, kowa da hawansa. Masu gadi biyu da ba ma'aurata ba kuwa, ko da nau'insu daban, za su yi ta buɗe wa juna baki har ɗaya ya yi tsalle ya fita. Gobin murjani da yawa a ƙaramin wuri ma haka, domin tsarin girma a wurinsu ba wasa ba ne. Marian Wong ta gano a wani danginsu, Paragobiodon xanthosoma, cewa na ƙasa yakan rage cin abinci da kansa idan tsawonsa ya kusa kashi 93 cikin ɗari na wanda ke gabansa, don kada a kore shi daga murjanin. A teku wanda aka kora yana da wani murjanin da zai gwada, a tanki babu.

Inda duk aka sami zaɓi tsakanin haifaffen tanki da kamun teku, a ɗauki na farkon ko da ya fi ƙanƙanta kuma launinsa bai gama fitowa ba. Ya saba da abincin da za ka ba shi, ba ya cika zuwa da ƙwari, kuma ba a taɓa murjani don a kamo shi ba. Wannan ya fi muhimmanci ga gobin murjani, wanda fito da shi daga rassa kan sa a fasa murjanin ko a fesa masa guba. Kamun kifin ado da sinadarin sayanaid tsohuwar matsala ce a Filifin da Indunusiya, duk da cewa doka ta hana. Niyon da mai gadi rawaya su ne aka fi samu haifaffu, gobin murjani na Okinawa ma akan samu. Eviota da Trimma da masu tace yashi kuwa galibi daga teku suke zuwa, don haka su ne suka fi buƙatar a keɓe su a wani tanki na daban, mako huɗu ko fiye, ana kallon cinsu da fatarsu kafin su shiga cikin sauran.